Me ya haɗa teɓa da hanta? Muhawara kan leftin, adifonektin da kitsen hanta

Baban Sadiya: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga likitoci da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, kuma ina roƙon a yi mini bayani dalla-dalla, domin tun shekaranjiya abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Na je asibiti ne saboda wani ciwo da nake ji a gefen ciki, aka tura ni hoton ciki. Mai ɗaukar hoton ya daɗe yana goga na'urar a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, sannan ya juyo da allon ya nuna mini cewa hantata ta fi ƙodata haske sosai, ya ce alama ce ta kitse ya taru a cikinta. Shekaruna 46, ban taɓa kai giya bakina ba, nauyina kilo 76, tsawona santimita 170, kuma in ban da ɗan tumbin da ya fito mini a 'yan shekarun nan babu wanda zai kalle ni ya kira ni mai ƙiba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yayata da muke ciki ɗaya ta haura kilo 95, amma da aka yi mata irin wannan hoto bara sai aka ce hantarta fes take. Likitan da ya duba ni ya ce kitsen jiki yana fitar da wasu sinadarai masu aika wa hanta saƙo, sai dai layi ya yi yawa bai samu sukunin faɗaɗa bayani ba. Wane irin saƙo ne kitse zai aika, kuma me ya sa nawa ya cutar da ni, nata bai cutar da ita ba?

Hajiya Umma: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Haka aka faɗa wa maigidana shekara biyu da suka wuce, shi ma ba ya shan komai sai lemon kwalba da shayi mai sukari. Ni ma zan zauna in saurari amsar.

Likitar Ciki: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin mu shiga zancen sinadarai, akwai abin da ya wajaba ka fara yi, wato gwajin ciwon hanta nau'in B da nau'in C. Binciken ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da nau'in B, don haka a wajenmu ba a ɗora wa kitse laifin komai sai an kawar da wannan zargi tukuna.

Yanzu ga tambayarka. Shekaru da yawa ana ɗaukar kitse a matsayin rumbu kawai, wurin da jiki ke tara rarar abinci don ranar yunwa. Wannan fahimta ta sauya a 1994, lokacin da Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller da ke New York suka gano wani homon, wato sinadari mai kai saƙo a jiki, da ƙwayoyin kitse ke fitarwa cikin jini, wanda aka sa wa suna leftin. Aikinsa shi ne ya sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki, ta yadda idan ajiya ta yi ƙasa sai yunwa ta ƙaru. Shekara ɗaya bayan haka Philipp Scherer ya bayyana wani homon na biyu, wanda wasu masu bincike a Osaka ta Japan su ma suka gano a nasu ɓangaren, shi ne ake kira adifonektin a yau, kuma shi ne ya fi shafar maganarka.

Adifonektin abokin hanta ne. Idan ya isa gare ta yakan sa ta ƙona kitsen da ke cikinta, ta rage ƙera sabo, ta rage zubo sukari cikin jini, ta kuma riƙa jin umarnin insulin, homon ɗin da ke sauke sukarin jini. Yana kwantar da kumburi, yana kuma taka wa wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro birki, waɗanda idan aka tayar da su suke shimfiɗa tabo a cikin hanta har ta yi tauri ta ƙanƙance. Abin mamakin shi ne, duk da cewa kitse ne ke samar da shi, yawan kitse rage shi yake yi. Masu binciken Osaka ne suka nuna haka a 1999, kuma raguwar ta fi tsanani ga wanda kitsensa ya taru a cikin ciki.

A nan ne bambancinka da yayarka yake. Duk wanda ya taɓa tsayawa ana feɗe ragon Layya ya ga kitse iri biyu: akwai wanda ke kwance a ƙarƙashin fata, akwai kuma farin nan da ke lulluɓe da hanji da tumbi kamar mayafi. Haka jikin ɗan Adam yake. Jinin da ya ratsa wannan kitse na cikin ciki ba ya zagaya jiki tukuna, kai tsaye yake bi ta babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji ya zuba a hanta, ɗauke da maiƙo da sinadaran kumburi. Kitsen cinya da ɗuwawu kuwa ya fi iya riƙe ajiyarsa, kuma mata kafin su daina al'ada can suka fi tara nasu, sannan adifonektin ɗinsu ya fi na maza yawa. Saboda haka yana yiwuwa mace mai kilo 95 hantarta ta zauna lafiya, namiji mai kilo 76 da teɓa tasa ta cika da kitse. Ana cewa hanta ta yi kitse ne idan fiye da kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyinta suka tara maiƙo.

Ɗalibin Likitanci: Ranki ya daɗe, mun gode. Ina neman izini in ƙara wani abu kan leftin, in kuma yi tambaya. Mun karanta cewa tun wajen 1950 aka ga wasu ɓeraye a ɗakin binciken Jackson da ke Amurka masu ci ba ƙoshi, har su ninka 'yan'uwansu nauyi, hantarsu kuma ta cika da kitse, daga baya aka gane cewa leftin ne ba su da shi. A 1997 kuma likitoci a Cambridge ta Ingila suka bayyana wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya, 'yan asalin Pakistan, da aka haifa ba su da leftin, kuma da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurarsa sai yunwar ta lafa, ƙibar ta zube. Tambayata ita ce, tun da rashin leftin yana kawo kitsen hanta, me zai hana a yi wa Baban Sadiya allurar leftin a huta?

Likitar Ciki: Ƙanena, irin wannan tunani ne ya sa kamfanin Amgen ya biya dala miliyan 20 a 1995 don ya mallaki haƙƙin leftin, kuma gwajin da aka wallafa a 1999 ya sanyaya gwiwar kowa, domin mafi yawan masu ƙiba ba su rage wani nauyin a-zo-a-gani ba. Dalili shi ne mai ƙiba na yau da kullum ba ƙarancin leftin ke damunsa ba, yawa ma ya yi masa, ƙwaƙwalwarsa ce ta daina sauraro, kamar mutumin da ya saba da ƙarar injin niƙa har ya daina jin ta. Ƙara masa leftin ƙara ƙarar injin ne kawai. Wani abin lura kuma, ita hanta ba ta toshe kunnenta yadda ƙwaƙwalwa ta yi. Leftin yana zuga ƙwayoyin nan masu siffar tauraro su shimfiɗa tabo, kuma waɗancan ɓeraye marasa leftin da ka ambata, duk da hantarsu ta cika da kitse, ba sa saurin yin tabo idan aka jikkata hantar. Da aka tattara bincike masu yawa na mutane, an ga cewa leftin ya fi yawa a jinin waɗanda cutarsu ta kai matakin kumburi, adifonektin kuma ya fi ƙaranci a cikinsu. Wato mai kariya ya ja baya, mai zuga ya yi yawa.

Malamin Kimiyya: Likita, da girmamawa, ina ganin an ba wa waɗannan homon matsayin da ya fi ƙarfinsu, kuma ina tsoron kada mai tambaya ya tafi da tunanin cewa wani sinadari ne guda ya ɓace masa. Ni a ganina hayaƙi ne su, wutar tana wani wuri. A 2005 masu bincike a Jami'ar Minnesota sun bi diddigin maiƙon da ke cikin hantar masu wannan cuta don su san daga ina ya fito, suka samu kusan kashi 59 cikin 100 ya kwararo ne daga kitsen jiki ta cikin jini, kashi 26 hanta ce ta ƙera shi da kanta daga sukari da sitaci, kashi 15 kacal ya zo kai tsaye daga maiƙon abinci. Wannan lissafi ne na kaya masu shigowa da masu fita. Idan ƙwayoyin kitse suka cika suka daina jin insulin, sai su riƙa sakin maiƙo dare da rana, insulin ɗin da ya yi yawa a jini kuma ya riƙa tura hanta ta ƙera sabo. Raguwar adifonektin alama ce ta cewa kitsen ya gaji, kamar yadda zazzaɓi alama ce ta cuta. Mafi yawan binciken da aka yi a kan mutane ma ɗaukar jini ne sau ɗaya a gwada, a ce mai ƙarancin kaza ya fi yawan kaza, kuma irin wannan ba ya nuna wane ne ya haifi wane. Dubi abin da ya faru da resistin, wanda aka gano a 2001 aka yi ta murna an samu gadar da ta haɗa ƙiba da ciwon sukari, daga baya aka gane cewa a jikin ɓera ne kitse ke fitar da shi, a jikin mutum kuwa galibi ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke samar da shi.

Likitar Ciki: Malam, na yarda da rabin maganarka, kuma misalin resistin gargaɗi ne mai kyau ga duk mai saurin ɗauko sakamakon ɓera ya ɗora wa mutum. Amma ban yarda cewa hayaƙi ne zalla ba, kuma hujjata tana wajen mutanen da ba su da kitse kwata-kwata. Akwai wata cuta da ba a cika samu ba, wadda ake haihuwar mutum ko ya wayi gari kitsen ƙarƙashin fatarsa ya ƙare, jijiyoyi da tsoka duk sun fito fili. Da a ce yawan kitse ne kaɗai matsala, da waɗannan sun fi kowa lafiyar hanta. Amma su ne ke da kitsen hanta mafi muni, tare da ciwon sukari mai wuyar sarrafawa, domin ba su da rumbun ajiya, kuma leftin da adifonektin ɗinsu sun yi ƙasa matuƙa. Da aka riƙa yi musu allurar leftin, kamar yadda aka wallafa a 2002, sai sukarinsu ya sauka, maiƙon jininsu ya ragu, hantar da ta kumbura ta saɓe, alhali ba a mayar musu da ko ƙwayar kitse ɗaya ba. A 2014 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wannan allura domin su. Hayaƙi ba ya kashe wuta idan aka mayar da shi.

Ga misali na biyu, ko da yake na ɓera ne. A 2007 ɗakin binciken Scherer ya ɗauki ɓerayen nan marasa leftin ya sa jikinsu ya riƙa samar da adifonektin fiye da kima. Sai suka ƙara ƙiba fiye da da, har suka zama daga cikin ɓeraye mafi ƙiba da aka taɓa gani, amma sukarinsu ya daidaita, kitsen hantarsu ya ragu, saboda rarar ta samu wurin zama a ƙarƙashin fata. Ina ganin wannan shi ne ya fi kusa da labarin yayar mai tambaya. Lissafinka na shigowa da fita daidai ne, amma homon ɗin suna cikin masu tsaron ƙofar da ke yanke inda kayan za su sauka.

Malamin Kimiyya: Hujjar marasa kitse tana da ƙarfi, na karɓa. Sai dai ta tabbatar da cewa leftin yana aiki ne ga wanda ba shi da shi, kuma irin waɗannan ba su taka kara sun karya ba a cikin masu kitsen hanta, waɗanda ƙididdigar baya-bayan nan ta kai su kusan kashi 30 cikin 100 na manyan duniya. Ga sauran jama'a har yau babu wani maganin adifonektin da aka amince da shi. Ina nan a kan bakana cewa ga mutum irin Baban Sadiya, tushen yana wajen insulin da abin da ke shiga baki.

Mai Ɗakin Gwaji: Ni a ɓangaren aikina nake kallon abin. Tun da an yarda cewa adifonektin yana sauka, leftin yana hawa, me zai hana mu riƙa auna su mu raba lambar ɗaya da ta ɗayan, mu gane wanda hantarsa ke cikin haɗari ba tare da an tsaga shi an ɗebo tsoka ba? Kayan gwajin suna nan ana sayarwa, ana iya odarsu, kuma na ga ɗalibai masu neman digiri na biyu suna amfani da su. Ba zai fi wa talaka sauƙi a ɗebi jini kaɗan ba?

Likitar Ciki: Malam, niyyar tana da kyau, amma ina roƙon kada a sa marar lafiya ya kashe kuɗinsa a kan wannan gwaji. Na farko, babu wani adadi da aka yi ittifaƙi a kansa da za a ce wanda ya gaza shi yana da cuta, kuma kayan gwaji na kamfanoni daban-daban ba sa ba da lamba ɗaya. Na biyu, leftin na mace ya ninka na namiji ko da nauyinsu ɗaya ne, kuma yana faɗuwa da sauri idan mutum ya kwana biyu bai ci abinci sosai ba, tun kafin kitsensa ya motsa. Na uku shi ne mafi haɗari. Adifonektin yana sauka a farkon cutar, amma idan hanta ta kai ga ƙanƙancewa sai ya koma ya hau, domin hantar da ke kawar da shi daga jini ta gaza. Haka yake hawa ga masu ciwon ƙoda da masu gazawar zuciya. Ka ga ke nan mutumin da ya fi kowa shiga haɗari zai iya karɓar takarda mai lamba mai kyau ya koma gida da murna.

Akwai kuma batun jinsi. A binciken da aka yi a birnin Dallas aka wallafa a 2004, wanda ya auna hantar mutum sama da 2,000, an samu kitsen hanta ga kashi 45 cikin 100 na 'yan asalin Latin Amurka, kashi 33 na farare, kashi 24 na baƙaƙe, duk da cewa ƙiba da rashin jin insulin ba su yi ƙaranci a cikin baƙaƙen ba. Bincike da dama kuma sun nuna adifonektin na baƙaƙen Amurka ya fi na farare ƙasa. Da adifonektin ne kaɗai ke yanke hukunci, da su ne za su fi kowa kamuwa. Abin da ya taimake su shi ne sun fi ƙarancin kitsen cikin ciki, kuma wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PNPLA3, wanda aka gano a 2008 yana sa hanta riƙe maiƙo, ya fi ƙaranci a cikinsu. A nan Malamin Kimiyya yana da gaskiya. Amma kada wani ya ɗauki wannan a matsayin rigakafi gare mu, domin ƙididdigar 2016 da ta ba Afirka kashi 13 da ɗoriya ta dogara ne a kan bincike 'yan kaɗan, kuma ga mai tambaya nan a gabanmu.

Abin da ke da amfani ya fi wannan araha. Akwai lissafin da ake kira FIB-4, wanda ake haɗa shekarun mutum da sakamakon AST da ALT, wato gwaje-gwajen jini biyu na hanta, da yawan ƙwayoyin jini masu tsayar da zubar jini. Idan ya gaza 1.3 haɗarin babban tabo kaɗan ne, idan ya haura 2.67 sai a tura mutum wajen ƙwararre, tsakanin biyun kuma a nemi na'urar auna taurin hanta. Tabon ne ke nuna inda cutar ta dosa, ba yawan kitsen ba.

Mai Haɗa Magunguna: Ina so in kawo abin da nake gani a kan kanta, domin magunguna uku sun koya mini wannan darasi fiye da littafi. Na farko shi ne fiyogilitazon, maganin ciwon sukari, wanda ke sa jiki ya ƙirƙiri sababbin ƙananan ƙwayoyin kitse a ƙarƙashin fata, ya kuma ninka adifonektin sau biyu ko fiye. A babban gwajin da aka wallafa a 2010, wanda ya ƙunshi manya 247 na tsawon mako 96, waɗanda suka sha shi sun ƙara kusan kilo biyar, amma kitse da kumburin hantarsu sun ragu, ko da yake tabon bai sauya sosai ba. Mutum ya ƙara nauyi, hantarsa ta samu sauƙi. Ba magani ba ne da za a saya a sha da ka, domin yana tara ruwa a jiki, yana da haɗari ga mai raunin zuciya, yana kuma raunana ƙashi.

Na biyu shi ne sitabudin, tsohon maganin cutar HIV da aka yi amfani da shi sosai a ƙasashenmu kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a janye shi wajen 2010. Duk wanda ya yi aiki a wancan lokaci ya tuna fuskokin da kumatu suka zurma, hannuwa da ƙafafu suka tsotse, saboda maganin ya cinye kitsen ƙarƙashin fata. Adifonektin na irin waɗannan marasa lafiya yakan yi ƙasa, kuma kitsen hanta ya yawaita a cikinsu.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, wato maganin ƙiba da 'yan mata da amare ke nema, wanda ake kira sha-ka-fashe. Sau da yawa akwai deksametazon, wani maganin kwantar da kumburi, a cikin haɗin. Na taɓa ganin wata yarinya da ta sha na watanni, fuska ta yi tulu, ciki ya fito, wuya ya cika ta baya, amma ƙafafu sun zama kamar sillan kara. Irin wannan magani yana kwashe kitse daga inda ba ya cutarwa ya kai shi cikin ciki, yana tayar da sukari, yana kuma tara maiƙo a hanta. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke shi rana ɗaya, ta je asibiti a rage mata a hankali, domin yankewar gaggawa tana iya jefa ta cikin mummunan hali.

Hajiya Umma: Wannan magana ta sha-ka-fashe ta taɓa ni, don na san gidajen da uwa ce da kanta ke saya wa 'yarta kafin biki. Likita, ina da tambaya game da yayar Baban Sadiya. Shin ta tsira ke nan har abada? Sannan wata ƙawata ta ce a ƙasar waje ana zuƙe kitsen ciki da na'ura, shin hakan zai wanke hantar?

Likitar Ciki: Hajiya, ba ta tsira ba. Idan mace ta daina al'ada, homon ɗin mata ya ja baya, kitse yakan fara ƙaura daga cinya zuwa ciki, kuma daga nan yawan kitsen hanta a cikin mata yakan kamo na maza. Hoton ciki na yau da kullum ma ba ya ganin kitse idan kaɗan ne, don haka "fes" ɗin da aka ce mata ba hatimi ba ne. Zuƙe kitse kuwa an gwada shi. A 2004 likitoci a St. Louis ta Amurka sun zuƙe kusan kilo 10 na kitsen ƙarƙashin fatar ciki daga mata 15, bayan mako 10 zuwa 12 aka auna, ba a ga canji a jin insulin ko a adifonektin ba. Na'urar ba ta kai wa ga kitsen da ke lulluɓe da hanji, wanda shi ne mai laifin.

Baban Sadiya: Na gode ƙwarai, yanzu na fara ganin hanya. To mene ne abin yi? Tun da na fara bincike a waya tallace-tallace suke ta fito mini, wani na ƙwayoyin ƙara adifonektin, wani na jiƙon wankin hanta.

Likitar Ciki: Malam, ka riƙe kuɗinka. Adifonektin furotin ne, ko an zuba shi a ƙwaya ciki zai narkar da shi kamar nama, jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba kuwa shi kansa yana cikin abubuwan da ke jikkata hanta. Hujja mafi ƙarfi da muke da ita ta fito ne daga Kuba, inda aka bi mutum 293 na tsawon shekara guda, aka ɗebi tsokar hantar mafi yawansu a farko da ƙarshe, aka wallafa a 2015. A cikin waɗanda suka rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsu ko fiye, kumburin ya warke ga kashi 90, tabon ya ja baya ga kashi 45. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce kusan mutum ɗaya cikin goma ne kawai ya iya kaiwa wannan mataki, amma ko kashi 5 yana rage kitsen. A wajenka kashi 7 zuwa 10 yana nufin kilo biyar zuwa bakwai da rabi, a hankali cikin watanni. Fara da abin sha mai zaƙi, domin sukarin da ke cikin lemon kwalba hanta ce ke fara karɓarsa ta mayar da shi maiƙo. Rage malmalar tuwo da tulin shinkafa, ƙara wake da ganye da kifi, ka kuma yi tafiya mai sauri ta aƙalla minti 150 a mako, wadda ke rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba. Ka samu tef ɗin tela ka auna ƙugunka daidai saitin cibiya, abin nema shi ne ya gaza rabin tsawonka. Akwai sababbin magunguna, ɗaya Amurka ta amince da shi a Maris 2024, wani a Agusta 2025, amma na waɗanda tabonsu ya yi nisa ne. Kada kuma ka manta da hawan jini da maiƙon jini, domin ciwon zuciya ne ya fi kashe masu kitsen hanta, ba hantar kanta ba.

Baban Sadiya: Assalamu alaikum, na dawo da sakamako bayan kwana biyar. Ba ni da nau'in B, ba ni da nau'in C, alhamdu lillahi, kuma an ce in fara allurar rigakafin B. ALT 52, AST 34, ƙwayoyin tsayar da jini 230, sukarin safe kafin karyawa 6.1. Na karɓi tef a wajen telan unguwarmu, ƙuguna ya ba ni santimita 99, alhali rabin tsawona 85 ne. Na daɗe ina kallon lambar nan.

Likitar Ciki: Madalla. Da waɗannan lambobi FIB-4 ɗinka ya kama kusan 0.94, wato ƙasa da 1.3, don haka da wuya a ce akwai babban tabo. Sai dai sukarin 6.1 yana bakin ƙofar ciwon sukari, shi da ƙugun 99 su ne suka sa cutarka ta shiga rukunin da tun 2023 ake kira MASLD, wato kitsen hanta mai alaƙa da irin su teɓa da sukari, sunan da ya maye gurbin tsohon da ke jingina ta da rashin shan giya. Ka koma wajen likitanka da takardun, a auna hawan jini da maiƙon jini, a sake duba sukari da ALT bayan wata shida, lissafin tabon kuma bayan shekara ɗaya ko biyu. Ciwon gefen cikin da ya kai ka asibiti ma a ci gaba da neman sababinsa, kada a rufe shi da sunan kitse.

Malamin Kimiyya: Sukarin 6.1 ɗin nan shi ne abin da nake nufi tun farko. Ni da Likita ba mu gama sasantawa kan wane ne uba wane ne ɗa tsakanin insulin da adifonektin ba, amma a kan tef ɗin tela da lemon kwalba bakinmu ɗaya.

Baban Sadiya: Na tura wa yayata duk abin da aka rubuta. Shekarunta 51, ta ce al'adarta ta fara yi mata wasa tun bara, kuma zanenta ya fara matse ta a ciki ba a ɗuwawu ba. Ranar Litinin zan raka ta a auna mata sukari da ALT, tef ɗin kuma na ce wa telan ya bar mini shi zan biya.